Facin da Ba a Yi wa Bita Ba

Ranar kasuwar Ajingi abin ya fashe, da hantsi. Sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ya buɗe kwamfutarsa zai duba masu jiran iri, sai ga sunayen matan gari reras a gabansa: wance na da ciki, wance ta yi ɓari, wance na karɓar maganin da ba a faɗa. Bayanan ƙaramin asibitin da ke maƙwabtaka da su ne. Kafin bawan Allah ya gama salati, na bayansa sun karanta abin da suka karanta. Ka kuwa san bakin kasuwa. Azahar ba ta yi ba wata baiwar Allah ta ji sirrinta a bakin mai kayan miya.

Asibitin da ƙungiyar babbar kwamfuta ɗaya suke amfani da ita, kowa da ɗakinsa a ciki. Manhajar da ke kai saƙon kowa ƙofarsa, ta hana wani leƙa ɗakin wani, sunanta Mahaɗa. Ba ta da mai ita. A buɗe take, masu rubuta ta suna warwatse a duniya, har da wasu matasa da ke haɗuwa a wani zaure mai sola a Gaya. Dokarsu ɗaya ce: duk gyaran da aka rubuta, wanda suke kira faci, sai wani daban ya yi masa bita layi-layi kafin mai riƙe da mabuɗi ya shigar da shi. A duk yankin mutum ɗaya manyan aikin suka damƙa wa mabuɗi, wato Zulfa, 'yar zauren nan.

Facin da ya rushe katangar asibiti da sunan Zulfa ya shiga, da mabuɗinta, ranar Alhamis da rana, babu bitar kowa. Washegarin kasuwa tana bayan kanta a ofishin 'yan sanda na Gaya.

Da labarin ya iske Hadiyya, ɗaya daga cikin matasan zauren, bakinta ya ce innalillahi, zuciyarta kuwa wani sanyi ta ji, kuma ba sanyin tausayi ba. Ita ta riga Zulfa shiga zauren. Ita ta nuna mata inda ake kunna kwamfuta. Ranar da aka ba Zulfa mabuɗi babu wanda ya kai Hadiyya rangaɗa guɗa, amma da ta koma gida ko tuwo ba ta taɓa ba. Tun daga nan ko dariyar Zulfa haushi take ba ta.

Sufeto Kabo ne ya zo zauren, dattijo mai sanyin magana, goro a kunci. Ya fara da Hadiyya.

"An ce ba kya ƙaunar yarinyar nan."

"Ina ƙaunarta, Yallaɓai. Kujerarta ce ke ci mini rai."

Ya yi murmushi. "To, madalla da mai gaskiya. Ina kike ranar Alhamis?"

"Wudil, sunan ɗiyar yayata. Ga hotuna, ga lambar direban da ya kai mu."

Ya kira direban a gabanta, ya saurara, ya kashe waya.

"Kin fita. Amma ni wannan karatun naku ban san shi ba. Abin da na sani, in aka yashe shago ba a karya ƙofa ba, ɗan gida ne. Za ki zame mini ido?"

Ta amsa da sauri. Kada ka ɗauka taimako ta yi niyya. So take ta ga kuskuren Zulfa da idonta.

Suka fara da Zulfa a ofishin 'yan sanda. Idanunta sun kumbura, mayafinta duk ya yamutse.

"Ina kwamfutarki take ranar Alhamis?" in ji Sufeto.

"A teburin caji na zaure. Duk a nan muke barinsu in rana ta take, lokacin sola ta fi ƙarfi. Na tafi kai wa Baba abinci gona."

"Wa ya gan ki?"

"Baba."

"Shaidar uba ba ta fitar da ɗiya. Kin taɓa ba wani kalmar sirrinki?"

"Wallahi ban taɓa ba."

Ta dubi Hadiyya ta ce, "Yaya Hadiyya, ke kin san hannuna." Hadiyya ta sunkuyar da kai kamar tana gyara takalmi.

Daga nan suka hau mota sai Ajingi, wajen Muzammil, mai kula da babbar kwamfutar. Shi ya ɗora sabon facin a kanta, kuma kowa ya san ya taɓa neman auren Zulfa aka ce masa ya yi haƙuri.

"Me ya sa ka ɗora abin da ba a yi wa bita ba?"

"Sunan Zulfa na gani, Yallaɓai. Sunanta bai taɓa ba ni kunya ba."

"Ko da ta ƙi ka?"

Muzammil ya ce, "Ta ƙi ni, ta yi mini zafi, ban ɓoye ba. Amma ranar Alhamis a kan rufin asibiti na yini ina gyaran sola. Tambayi ma'aikatan."

Ma'aikatan suka tabbatar, har wata ta ce ita ta miƙa masa ruwa ta tsani. Hadiyya ta ƙara da cewa Muzammil gwanin waya da ƙusa ne, amma ko layi ɗaya na Mahaɗa bai iya rubutawa ba. Shi ma ya fita.

Saura Malam Surajo. Shi ya kafa zauren da kwamfutoci 'yan gwanjo, shi ya koyar da su duka. Ɗan gidan malamai ne daga Balan, a gaban allo ya tashi kafin ya san boko. Shi ya kawo al'adar da har Turawan aikin suka saba da ita: duk fayil ɗin da aka rubuta a Gaya, da Bisimilla yake farawa a layin farko.

"Ina zaure ranar," ya ce wa Sufeto, "amma ni da ɗalibai muke ciki da waje, ban lura da teburin caji ba. Yarinya ce, Yallaɓai. An ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin wuyanta. A yi mata sassauci."

Da Sufeto ya fita, Malam ya kira Hadiyya gefe.

"Manyan aiki sun dakatar da mabuɗinta, sun ce mu ba da suna. Zan riƙe na ɗan lokaci, daga baya ya zama naki. Dama ke ya dace da shi tun farko."

Wayyo daɗi! Maganar da ta shekara tana jiran wani ya faɗa ke nan. Ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Da safe ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidansu, ta buɗe facin don ta yi masa bitar da ba a yi ba. Kuskure take nema, irin na gaggawa, wanda za ta nuna wa duniya ta ce kun gani. Ba ta samu ba. Aiki ne na ƙwararre. An cire layukan da ke tambayar kowane saƙo daga wane ɗaki ya fito. Sannan an goge fayil ɗin gwaji ɗungurungum, wanda da yana nan da ya yi kururuwa tun kafin facin ya shiga. Wannan ba tuntuɓe ba ne, da gangan aka yi.

Tana shirin rufewa idonta ya faɗa kan wani ɗan canji a fayil ɗin da ke maƙwabtaka da wanda aka goge. Ba a taɓa komai a cikinsa ba, sai layi ɗaya da aka ƙara a sama. Bisimilla ce, a kan Bisimillar da dama take wurin.

Ta ƙura wa layin ido. Ta tuna wata rana a zaure da Zulfa ta goge wani tsohon fayil, Malam ya yi mata faɗa kamar zai ari baki, ya ce ba a jefa sunan Allah a shara. Zulfa ta ce cikin ladabi ai haske ne a gilashi, ba tawada a takarda ba, ta kuma ci gaba da gogewa yadda ta saba. Hadiyya ta shiga tarihin aikin, wanda kowa ke iya gani, ta bi tsofaffin facin kowa. Mutum ɗaya ne tak, duk sanda zai goge fayil, sai ya fara kwashe Bisimillar ya kai ta fayil na kusa.

Ta rufe kwamfutar ta zauna. In ta yi shiru, wa zai lura? Turawan ba su san ma'anar layin ba, Sufeto bai iya karatun ba. Zulfa za ta tafi kotu, ita kuma mabuɗi zai zo hannunta. Wallahi ta so ta yi shirun, ta so ƙwarai. Har ta tashi ta ɗora girki. Amma muryar nan ta ƙi barin kunnenta: ke kin san hannuna. Ta san shi kuwa, don babu wanda ya kai mai kishi ƙure wa aikin mutum ido. Ta sauke tukunya ta ɗauki mayafi.

A ƙofar ofishin 'yan sanda ta tarar da Inna Hure, mahaifiyar Zulfa, zaune a ƙasa da kwanon abinci a gabanta. Ta gaishe ta ta wuce. Ta nemi a bar ta ta yi wa Zulfa tambaya ɗaya.

"Kalmar sirrinki, ke kika zaɓe ta?"

"A'a. Malam ne ya sa mini ranar da ya haɗa mini kwamfutar."

"Ba ki taɓa canzawa ba?"

"Haba Yaya. In canza, ai kamar na ce ban yarda da shi ba ne."

Sufeto ya tofar da goronsa. "Na tambaye ki ko kin ba wani, ban tambaye ki ko wani ne ya ba ki ba. Laifina ne." Hadiyya ta ja shi gefe ta nuna masa abin da ta gano a facin.

Bayan la'asar ya tara su a zaure, har da Zulfa da ɗan sanda a gefenta. Ya ce shi dai so yake ya ga yadda ake goge fayil da idonsa, don ya san abin da zai rubuta a rahoto. Hadiyya ta buɗe kwafin aikin ta nuna wani tsohon fayil. Zulfa ta matso, taɓawa ɗaya ta goge shi. Hadiyya ta dawo da shi.

"Malam, ko za ka nuna mini kai ma? Hannun babba daban ne," in ji Sufeto.

Malam Surajo ya gyara zama yana bayani, irin na wanda ya saba koyarwa. Bakinsa na magana, yatsunsa na aikinsu. Suka buɗe fayil ɗin, suka ɗauke layin farko, suka ajiye shi a saman fayil na kusa, sannan suka goge sauran. Sai da ya ɗago ya ga kowa shi yake kallo.

"Malama Hadiyya, yi mana bayani," in ji Sufeto.

Ta fara bayani. "Wanda ya yi facin nan ya iya aikin sosai, don haka ba Muzammil ba ne. Yana zaure lokacin caji, don haka ba ni ba ce. Ya san kalmar sirrin Zulfa, wadda mutum biyu ne suka san ta. Kuma da zai goge fayil ɗin gwaji, sai da ya kwashe Bisimilla ya kai ta maƙwabta. Zulfa ba ta taɓa yin haka ba, har faɗa an yi mata a kai a ɗakin nan." Ta juya kwamfutar. "Ga facin Alhamis, ga abin da Malam ya yi yanzu."

Malam ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Ban yi zaton zai kai Ajingi ba," ya ce a hankali. "Na ɗauka manyan za su gani kafin nan, su ce ta shigar da faci ba bita, su karɓe mabuɗin. Shi ke nan abin da na nufa." Sai ya ɗaga murya. "Ni na kawo aikin nan ƙasar Gaya! Ina rubuta Mahaɗa tun yarinyar nan ba ta san harafi ba. Suka tsallake ni suka ba ta. Kullum in na gama rubutu sai in jira ɗalibata ta ce ya yi. Ku kun san zafin wannan?"

Hadiyya ta sani. Ta sani har cikin ƙashinta, shi ya sa ta kasa kallonsa.

Zulfa ce ta yi magana, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Malam, ka ji tsoron goge sunan Allah a gilashi. Nawa sunan fa? Na matan Ajingi fa, da ake yawo da su a kasuwa?"

Sufeto ya dafa kafaɗar Malam suka fita, ba ankwa, ba hayaniya.

Cikin mako manyan aikin suka mayar wa Zulfa mabuɗinta. Facin farko da ta rubuta na sake gina katangar ne, ta tura wa Hadiyya bita. Kada ka ce kishin ya tafi, yana nan daram, kujerar har yanzu tana ci mata rai. Ta zauna ta bi facin layi-layi tana neman aibi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ta kuwa samo, ta mayar mata da shi da gyare-gyare rututu.

Zulfa ta karanta ta yi dariya. "Yaya Hadiyya, ba kya raga mini ko kaɗan."

"Ba zan raga miki ba," in ji Hadiyya. "Gyara ki dawo da shi. Kuma kafin ki taɓa komai, canza kalmar sirrin nan a gabana."