Simintin da Baba Ya Ajiye wa Auta

"Auta, rage surutun nan, ana labarai!"

Baba ne ya faɗa yana kara rediyo a kunne, shayin da ta ajiye masa tuni ya huce. Auta ta kalli Inna, Inna ta kalli Auta. Tun da Baba ya yi ritaya daga aikin akawu ba shi da abokin hira sai rediyon nan, shi kuwa rediyon bai taɓa gaya masa abin da zai sa shi dariya ba.

"Kun ji ko? Sun sake ciyo bashi!" Ya dire rediyon a kan tebur. "Wa zai biya? Jikokinmu da ba a haifa ba! Ke kuma gobe ki je kasuwa, kuɗin da ya cika miki kwando bara, bana ko gindinsa ba zai rufe ba."

Inna ta bari ya sauke numfashi, sannan ta ce a hankali, "Malam, tunda ka ambaci jikoki... mutanen yaron nan sun sake aikowa. So suke a tsayar da rana."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Yaron nan shi ne mai gyaran waya na bakin titi, wanda duk unguwa ke kira Injiniya. Wayarta ce ta faɗa ruwa ta kai masa, ya gyara ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ladansa shi ne ta riƙa ɗauka in ya kira. Daga nan fa zance ya ƙullu.

Shi Baba ba ƙin yaron yake yi ba. Yana ma yabon ladabinsa. Abin da ya hana shi barci daban ne.

"Ki ce su dakata," in ji shi. "Ita kaɗai Allah ya bar mana. Ba zan aurar da 'yata ta shiga gidan haya ba, mai gida ya riƙa ƙara musu kuɗi duk shekara. Kuma ba zan bar mata takardar kuɗi a banki tana narkewa kamar ƙanƙara a rana ba. Gida zan gina mata a filina, da shaguna a gaba. Ranar da aka sa ƙofa, ranar za a ɗaura aure."

"To Allah ya nuna mana," in ji Inna, muryarta a sanyaye.

Ba a yi mako ba sai ga babbar mota a ƙofar gida. Baba ya kwashe kuɗin sallamarsa kakaf ya sayi siminti, wai gobe sai ya ninka. Aka jibge buhuna a ɗakin baya har suna taɓa rufi, ya garƙame da kwaɗo ya jefa makullin a aljihu. Da gaske kuwa farashin ya ninka. Zo ka ga Baba ranar! Har rediyon ya kashe, yana ta zagaye tsakar gida yana cewa, "Ban gaya muku ba?"

Sai dai gida ba siminti kaɗai ba ne. Akwai rodi, akwai yashi, akwai kwano da katako da kuɗin magina, ga shi bai rage komai ba sai fansho. Duk sanda ya tara na rodi, kafin ya isa kasuwa rodin ya yi gaba. Ya dawo ya ƙara tari, rodin ya ƙara gudu. Kuma ya rantse ba zai fasa buhu ko ɗaya ba sai komai ya haɗu, don ba ya son ginin da zai tsaya a rabi mutane su yi masa dariya. Haka damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, filin yana nan sai ciyawa da awakin maƙwabta.

Ƙawayen Auta duk suka watse gidajen mazajensu. Wasu har da goyo suke zuwa gaishe ta, suna tsokanarta, "Amaryar siminti, yaushe ne bikin?" Ta yi dariya a gabansu, in sun tafi ta shige ɗaki ta sha kukanta.

Wata rana da la'asar ta biya ta shagon Injiniya. Ta same shi ya duƙufa a kan wata waya da aka farke cikinta, fitila a goshi, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba.

"Ranki ya daɗe! Yau cajin ne ya ƙare ko sabis ne babu? Fuskar nan ba lafiya."

"Ba wasa ya kawo ni ba." Ta zauna a benci. "Na ji abin da yayyenka suke faɗa. Sun ce ka zama ɗan gadin gidanmu. Kuma gaskiyarsu ne. Ka nemi wata, Injiniya, wallahi na yafe maka."

Ya cire fitilar ya ajiye, ya daɗe yana kallonta.

"Kin gaji da ni ne?"

"Haba!" Hawaye suka ɓalle mata. "Tausayinka nake ji."

"To riƙe tausayinki, zai yi mana amfani a gaba. Ni ban ce sai da gida ba, ɗaki biyu na kama kuma sun ishe mu. Amma ba zan ɗauke ki a kan ɓacin ran mahaifinki ba. Tsoro ne ya kama shi, Auta, ba mugunta ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ya huce," ya ce, ya miƙa mata hankicinsa mai ƙanshin man gyaran waya.

Ana haka Inna ta kwanta. Tun ana cewa zazzaɓi ne har aka daina faɗa. Ta rame, magana sai da ƙyar. Wata safiya Baba yana zaune a gefen gadonta yana yi mata fifita, ta kama hannunsa.

"Malam, ka bar ni in ga yarinyar nan a ɗakinta. Ko na haya ne."

"Ki daina irin wannan magana! Za ki warke. Rodin ya kusa cika, da damina ta ɗauke za a sa harsashi."

Ta yi murmushi ta juyar da fuska bango, ba ta sake ta da zancen ba. Inna ba ta ga ƙarshen daminar nan ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Baba ya zama kamar wanda ake kora. Ya sayar da motarsa, ya cike kuɗin rodi, ya kira magina. Ranar da za a fara aiki, Injiniya ya rufe shago ya zo taya ɗauka. Baba ya buɗe kwaɗon da ya yi tsatsa, wani warin danshi ya bugo su. Injiniya ya sa hannu zai ɗaga buhun farko, sai ya tsaya cak.

"Ɗauka mana!" in ji Baba.

"Baba... zo ka taɓa."

Baba ya taɓa. Ya danna da yatsa, ya doka da ƙwanƙwasa, ya koma na gaba, ya koma na ƙasa. Danshin daminun nan ya bi ƙasa da bango ya shige su a hankali, duk sun daskare sun koma dutse. Baba ya hau ture su kamar zautacce yana neman mai laushi, 'yan kaɗan ya samu a tsakiya. Magina suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya zauna daɓas a kan buhu. Auta ta taho da gudu, tun da take ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

"Ba simintin nake wa kuka ba," ya ce. "Abu ɗaya matar nan ta roƙe ni. Abu ɗaya! Na ce mata sai bayan damina. Wayyo ni, a kan waɗannan duwatsun na hana ta!"

Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Injiniya ya tsuguna a ɗaya gefen, kansa a ƙasa.

"Ɗana," in ji Baba, "ɗakunan nan naka suna nan?"

"Suna nan, Baba. Ban taɓa sakin su ba."

"To ka gaya wa manyanka su zo. Ba ni da abin da zan haɗa ta da shi sai fili da rodi."

"Ita na zo nema tun farko, Baba."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Haƙurinsu kuwa bai faɗi ƙasa banza ba, don Allah ya buɗa wa Injiniya, shago ya zama biyu, suka riƙa sayen siminti buhu kaɗan-kaɗan suna sawa a gini nan take, har ɗaki ya tashi a filin, wani ya biyo baya. Baba da kansa yake zuwa yayyafa wa bulo ruwa da jikansa a kafaɗa.

Amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai manta ranar da Auta ta bar gida ba. An fito da ita za ta shiga mota, sai ta zame hannunta ta juya, kamar yadda ta saba duk sanda za ta fita. Ta ɗaga labulen ɗakin mahaifiyarta ta leƙa.

"Inna, na tafi."

Ɗakin shiru, gadon a gyare. Baba yana tsaye a bayanta, ya kasa ko ɗaga kai.

Iyaye, tanadi domin 'ya'ya abu ne mai kyau, tsadar rayuwa kuma ba ƙarya ba ce. Amma kada tsoron gobe ya sa ku kulle musu farin cikin yau. Alherin da kuke da ikon yi wa naku, ku yi shi tun masu son gani suna raye. Dukiya in ta lalace ana sake nema, Auta kuwa ba ta sake samun wanda zai amsa mata daga ɗakin nan ba.