Ɗanyen Sabulu

Ranar kasuwar Gwiwa ce, Muhsin ya taso daga Roni ko karyawa bai yi ba. Malamin gona ne, ya wuni yana yi wa manoma bayanin irin gyaɗa har cikinsa ya fara kuka. Yana ratsa layin masu kayan ƙwalam sai idonsa ya faɗa kan wani faranti, an jera farare-fararen yanka masu kusurwa huɗu, gwanin sha'awa.

Ya ɗauki ɗaya. "Tuwon madarar nan sabo ne?"

Bai jira amsa ba ya nufi baki da shi. Wani hannu mai jan lalle ya fizge.

"Malam, sabulu ne."

Ya ɗago. Budurwa ce doguwa, baƙa, ta cije leɓe tana riƙe dariya. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ita kuwa ba ta riƙe komai ba, dariya take har da dukan cinya. Muhsin ya ji kamar ya bar takalmansa a wurin ya gudu. Don ya rufe kunya ya sayi sabulun, ya haɗa da wani jan kyandir mai ƙamshin kanumfari wanda ba shi da abin da zai yi da shi. A jikin ledar akwai suna da lambar waya: Sadiyya Sama'ilu, Kazaure.

Da yamma ya tura saƙo. "Assalamu alaikum. Ni ne wanda kika ceci ransa a Gwiwa."

Ta amsa: "Wa'alaikumus salam, Malam Tuwon Madara. Ka ci abinci dai ko? Kyandir ɗin ma ba a ci."

Daga nan babur ɗinsa ya san hanyar Kazaure. A zauren gidansu suke zance, kuma a nan take shanya kayanta bisa wasu katakai da aka kafa a bango, don wurin yana da iska, rana ba ta shiga. Dattijuwar nan ta kasuwa ita ce Anti Priscilla, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda ta koya mata sana'ar. Sadiyya ba ta iya zancen soyayya ba sai ta gangara kan sabulu.

"Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, in ba so kake ta yi maka tsalle a fuska ba. Kuma ban da tukunyar dalma, cinye ta take yi."

"To, Malama."

"Shi kuma kyandir, sai kakin ya ɗan huce ake sa turare. Ka sa da zafi, ƙamshin ya gudu, ka tashi da kaki zalla."

"Ni ma in huce kenan kafin in zo miki da magana?"

"Kai ai ba ka taɓa hucewa ba, Tuwona."

Shi kuwa Ƙamshina yake ce mata. Ta sha nuna masa katakon sama ta ce, "Waɗancan ɗanyu ne. Sai sun yi makonni suna shan iska. In ana shakka, harshe ake ɗan taɓawa. Ya tsira maka kamar wutar batir, to da saura." Yana jinta ne kawai. A ransa yana cewa sabulu ai sabulu ne, mata dai ba sa rasa ƙa'ida.

Matsalar a Roni take. Mahaifiyarsa, Inna Dela, ta shiga share masa ɗaki ta ga jan kyandir a kan taga. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, amma ranar ta kira shi da ido.

"Kai, wannan fa? Jan kyandir in ba a coci ba sai a ɗakin boka."

"Inna, na ƙamshi ne. Sana'arta ce."

"Ƙamshi ba ga turaren wuta ba? An ce ma da wata Kirista take yawon kasuwa. Ni hankalina bai kwanta ba."

An ce, an ce. Rabin abin da ke hana aure a ƙasar nan daga bakin wannan An ɗin yake fitowa, kuma ba a taɓa ganin gidansa ba.

Muhsin ya rasa ta inda zai ɓullo. Wata Juma'a yana zaure, Sadiyya ta shiga ɗebo masa ruwa, sai idonsa ya hau katakon sama. Sabbin yanka ne na man kaɗe, ruwan madara, an buga musu hoton fure. Ya ce a ransa Inna na ganin wannan za ta sauko. Da ya roƙa, da an ce masa ɗanye ne. Don haka bai roƙa ba. Ya miƙa hannu, ya zura biyu a aljihu, ya matsa na gefe don su rufe gurbin.

A gida ya naɗe su a takarda mai kyau. "Inna, Sadiyya ce ta ce a kawo miki. Tana gaishe ki."

Inna Dela ta juya su, ta shinshina. "Ashe tana da hankali."

Washegari ta yi wanka da shi za ta gidan suna. Kafin ta gama ɗaura ɗankwali fuskarta ta ɗauki raɗaɗi, wuyanta da hannayenta suka yi jawur. Kwana ya kewayo fata ta fara saɓa. Mata suka cika gidan, kowacce da nata sanin. Aka haɗa jan kyandir da sabulu aka fitar da lissafi ɗaya: yarinya ta gama da ɗa, yanzu ta juyo kan uwa.

Muhsin yana tsaye a tsakar gida aka yi wannan lissafi. Ya buɗe baki. Ya dubi fuskar Inna, ya dubi matan da suka goya shi yana jariri, ya tuna kalmar da za ta fito ita ce "sata". Ya rufe bakinsa.

Magana ta riga babur isa Kazaure. Masu sayen sabulunta suka fara dawo da shi. Mahaifinta, Malam Sama'ilu, ya aika wa Muhsin cewa ya dakata da zuwa, ba zai ba da 'yarsa gidan da ake mata kallon mai asiri ba, ga Zaharadeen ɗan amininsa ya daɗe yana neman iso.

Sai saƙonta ya shigo.

"Tuwona, akwai gurbin biyu a katakon sama. Na san inda suka tafi. Ban faɗa wa kowa ba. Yaya jikin Inna? A riƙa wanke wurin da ruwan sanyi, kada a shafa komai mai turare."

Ya karanta har ya haddace. Ya rubuta amsa ya goge, ya sake ya goge. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya daina zuwa majalisa, ya daina haɗa ido da kowa, a masallaci ma sahun baya yake tsayawa. Ana yawan yabon kunya, ana cewa duk alheri ce. Akwai wadda ke hana mutum yin laifi, wannan kam a yabe ta. Akwai kuma wadda ke zuwa bayan an yi, ta zaunar da ƙato a ɗaki ta bar 'yar mutane a rana. Ita ce ta kama Muhsin.

Wata rana yana kwance a ɗaki da hantsi ya ji sallama a tsakar gida, muryar da ya sani. Ya leƙa ta gefen labule. Sadiyya ce cikin dogon hijabi, da Anti Priscilla a bayanta riƙe da 'yar jaka. Matan da suka zo dubiya suka zuba musu ido, wata ta janye jikanta.

Sadiyya ta durƙusa nesa da tabarma. "Inna, ina kwana. Ya jiki? Sabulun nan daga hannuna ya fito, bai gama bushewa ba, sodarsa ce ta ƙone ki. Ba wani abu a ciki. Ki yafe mini."

"Kin san bai bushe ba kika aiko mini?" in ji Inna Dela.

Sadiyya ta sunkuyar da kai. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, kan lallen da ya fara gogewa.

Wannan hannun ne ya fizge masa sabulu daga baki. Muhsin bai san lokacin da ya ɗaga labulen ba. Ya zo ya durƙusa a tsakiyar mata.

"Inna, ba ita ta aiko ba. Ni na ɗauko. Ta shiga ɗebo mini ruwa na sa a aljihu. Ta sha gaya mini ɗanye ne, na ɗauka surutu ne. Ƙarya na yi miki."

Inna Dela ta dube shi ta daɗe.

"Sata ka yi kenan. A gidan surukai."

"E, Inna."

"Sabulu."

"E, Inna."

Wata maƙwabciya ta ce, "Dela, kada ki yarda. Ai irin aikin asirin kenan, sai ya sa mutum ya ɗauki laifin da ba nasa ba."

Muhsin ya tashi ya ɗauko ragowar sabulun da aka ƙulle a leda aka rataye a bayan ɗaki don a kai wa malam. Ya karɓi busasshe ɗaya daga jakar Anti Priscilla. Ya taɓa harshe a busasshen. "Wannan ba komai, ɗaci kawai." Ya taɓa a ɗanyen. Nan take ya zabura, ido ya kawo ruwa, ya shiga tofar da yawu yana neman buta.

Anti Priscilla ta ce, "Mama, tun ranar da muka fara ganinsa yake neman ya ci sabulun nan. Yau Allah ya cika masa buri."

Inna Dela ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, ta riƙe kumatu saboda zafi. Ta bari Anti Priscilla ta duba mata fatar, ta shafa mata man kaɗe zalla. Sannan ta juyo.

"Ke, matso kan tabarma. Kin san shi ne, kika zo kika durƙusa?"

"Ɗanki ne, Inna. Ban so ki ji kunya a gaban mutane ba."

"Ga shi kuwa na ji, har biyu. Tasa da tawa." Ta dubi matan. "Bakin da ya kai magana Kazaure, shi zai koma ya ɗauko ta."

A ƙofar gida Muhsin ya tare ta. "Ƙamshina, ki yafe mini."

"Sabulun na yafe tun ranar. Shirun ne ban yafe ba tukuna."

"Me zan yi?"

"Abin da ka faɗa wa Inna, ka faɗa wa Baba. Kuma ranar kasuwar Gwiwa ka tsaya a teburina, duk wadda ta tambaya kai za ka ba ta amsa."

Ya yi duka biyun. Malam Sama'ilu ya saurare shi har ƙarshe, ya bar shi a durƙushe ya ɗan jima, sannan ya ce wanda ya iya kawo kansa ya faɗi irin wannan ya fi wanda ba a san abin da ke aljihunsa ba. Aka ba Zaharadeen haƙuri. A Gwiwa kuwa sunan Tuwon Madara ya bi Muhsin har wurin manoma, ya daina ma musantawa.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Kazaure. Da aka kawo amarya Roni, ɗakinta na tashin ƙamshin kanumfari, kuma Inna Dela da hannunta ta datse lagwanin jan kyandir ɗin kamar yadda aka koya mata, ta kunna. Ta dafa kan Sadiyya ta ce Allah ya yi mata albarka, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa wani, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Mata suka amsa da amin.

Sannan ta tura faranti biyu gaban amarya, ɗaya tuwon madara, ɗaya sabulu.

"Ga su nan. Ki riƙa nuna wa mijinki wanne ne wanne."