Motar da Ta Ƙi Tashi a Hanyar Babura

Ranar Juma'a bayan la'asar aka tsinci gawar Daudu a gefen titin da ya tashi daga Kazaure zuwa Babura. Makiyayi ne, ya sayo maganin shanu yana komawa ruga a kan keke. Keken ya lanƙwashe, ga fasasshen gilashin fitilar mota a warwatse. Wanda ya buge shi ko tsayawa bai yi ba.

Sufeto Baraka ce ta zo da kofur biyu. Mace ce marar yawan magana, amma in ta tsare ka da ido sai ka tuno laifin da ka yi tun kana firamare. Ba su yi kilomita uku ba suka hango motar, fara, mai ƙofa huɗu, an ratse da ita cikin wata gona. Fitilar dama a fashe, jini a bamba, ƙofar direba a buɗe, mukulli a jiki.

Ta leƙa ciki. Motar otomatik ce, sandar giya tana kan harafin D, wato na tafiya. Ta ja mukulli, ya ƙi fita. Ta zaga baya, ta tarar da sawun takalmi ya nutse cikin yashi kusa-kusa, irin na mutumin da ya dage yana turi. Ga kuma dutsen da aka tokare taya ɗaya da shi, an janye shi gefe.

"Ranki ya daɗe," in ji wani kofur, "ai wannan motar Alhaji Sama'ilu Maikasuwa ce. Duk Kazaure wa bai san ta ba?"

Gaskiyarsa. Shekara goma sha takwas Alhaji yana riƙe da motar nan, tun yana aiki a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. A ciki aka kai matarsa haihuwar auta, a ciki aka kai 'yan matan gidan ɗakin miji, ba ta taɓa barin sa a hanya ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya karya. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai da mota tana cin tuwo da ita zai fara zuba wa.

A zaure Sufeto ta same shi.

"Baba, ina kake lokacin da aka fita da ita?"

"Ina masallaci, sahun gaba. Da ƙafa nake zuwa. Ga mukullina a aljihu."

"To wannan fa?"

"Na biyun ne. A ɗakin Hajiya yake rataye, jikin ƙusa."

"Wa ke ɗaukarsa?"

Ya ce, "Musaddiƙ. Shi ke kai uwarsa asibiti."

Musaddiƙ shi ne babban ɗansa, malamin makaranta, shekararsa ashirin da takwas. Ya ce shi yana gonarsu ta Roni tun safe, a can ya yi Juma'a, amma ya kasa kawo sunan mutum ɗaya da ya gan shi. Ana sa shi a motar 'yan sanda, Alhaji ya fito ƙofar gida, a gaban jama'ar unguwa ya ɗaga murya.

"Ka kashe mutum ka gudu? Wallahi ba ni na haife ka ba!"

Babban jami'in caji ofis ya ce magana ta ƙare, ranar Litinin a kai yaron kotu da laifin kisa. Sufeto Baraka dai ranta bai kwanta ba. Kwana biyu kacal gare ta.

Ranar Asabar ta fara da bakaniken motar, Baban Tasalla, wanda shi kaɗai Alhaji ke bari ya buɗe injin. Ta tambaye shi ko shi ya ɗauki mukullin.

"Haba ranki ya daɗe, ni da na san motar nan kamar yunwar cikina? Kuma ina ni ina ɗakin matar aure? Iyakata zaure."

Wannan kam gaskiya ce. A gidan Alhaji baligi ba ya wuce zaure sai muharrami. Ta sallame shi, ta shiga wurin Hajiya Saude, wadda idanunta suka kumbura don kuka.

"Hajiya, ban da mijinki da ɗanki, wane namiji ke shiga ɗakin nan?"

"Babu kowa."

"Ko ɗan'uwanki?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. "Sai ƙanena Muhammad Auwal. Ya leƙo jiya da hantsi mun gaisa. Amma shi ai ba ruwansa da ita. Shekara ashirin yana jan bas tsakanin nan da Babura, kullum cewa yake otomatik motar malalata ce, ko kyauta ba ya so."

Sufeto ta yi mata godiya.

Ranar Lahadi da safe ta tara su a harabar caji ofis, inda aka jawo motar: Alhaji, Muhammad Auwal, da Musaddiƙ da ankwa a hannu. Ta mayar da giyar kan D yadda ta same ta, mukulli a jiki. Sai ta juya wurin Muhammad Auwal cikin sakin fuska.

"Malam Auwal, kai ne babban direba a nan. Taimaka ka matsar mana da ita inuwa."

Ya shiga yana share gumi, ko da yake rana ba ta yi zafi ba. Ƙafarsa ta hagu ta fara laluben kuloci, ta faɗa kan birki. Ya murɗa mukulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru.

"Ai ba za ta tashi ba," ya ce. "Batirin ya mutu, sai dai a tura."

"Fito. Kofur, kwance wa Musaddiƙ hannu."

Musaddiƙ ya zauna. Ko kallon sandar giyar bai yi ba, hannunsa ya tura ta gaba zuwa P, wato na tsayawa, ya taka birki, ya murɗa. Injin ya kama nan take, yana ƙara a hankali kamar ba abin da ya faru. Ya kashe, ya zare mukulli salin-alin, ya miƙa mata.

Alhaji ya dafe bango. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Baba, kai ka fi kowa sanin halinta," in ji Sufeto. "In aka kashe ta a kan giyar tafiya, ba ta tashi, kuma ba ta sakin mukulli. Ɗanka a cikinta ya koyi tuƙi, ko cikin barci ba zai yi wannan kuskure ba. Wanda ya buge Daudu ya ratse gona don ya duba ɓarnar, ya kashe ta a cikin giya, ya tokare taya da dutse, yadda direbobin bas suke yi a tasha. Da ta ƙi tashi sai ya hau turi, don shi a saninsa duk motar da ta ƙi tashi turi ne maganinta. Otomatik kuwa ko ka tura ta har garin Gwiwa ba za ta kama ba. Maza uku ke shiga ɗakin da mukullin yake. Biyu sun san wannan." Ta dubi ƙafar Muhammad Auwal. "Cire takalmin, za mu gwada da sawun da muka auna."

Bai cire ba. Sai ya zube ƙasa.

"Wani ne a tsallaken iyaka ya ce zai sayi motar da sefa, kuɗin can," ya ce. "Na ga kowa yana masallaci. Wallahi ban ga mai keken ba, Yaya Alhaji, wallahi..."

"Ka ga ɗan yayarka a kulle kwana biyu dai," in ji Sufeto, "kuma ka iya cin abinci."

Aka tafi da shi. Kunya da baƙin ciki suka rufe Alhaji, har ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Dattijon da duk unguwa ke durƙusa masa, sai ga shi ya tattara babbar rigarsa ya durƙusa a gaban ɗansa.

"Subhanallahi! Baba, tashi don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla. A gaban mutane na tsine maka saboda ƙarfe, a gabansu zan roƙe ka. Ka yafe mini."

Musaddiƙ ya kama shi da hannu biyu ya ɗaga shi, hawaye na zubo masa.

"Na yafe, Baba, duniya da lahira. Amma yau kwana uku da rasuwar bawan Allahn nan, kuma motar gidanmu ce ta kashe shi. Mu je rugarsu mu yi gaisuwa kafin mu koma gida."