'Yar Giwa Da Kiran Ƙasa

A can wani zamani, cikin wani kurmi, an yi wata 'yar giwa mai son kururuwa. Kullum kakarta takan ce mata, "Jikalle, siririyar murya ba ta nisa, itatuwa ke shanye ta. Gurnani mai kauri shi ke bin ƙasa ya kai nesa. Tsaya cik, ki ji da ƙafafunki."

Sai ta ce, "Kaka, ni da kunnuwa kamar faifai, me zan ji da ƙafa?"

Wata shekara aka yi fari, garke ya tashi neman ruwa. 'Yar giwa ta tsaya cin kanya, ko da ta ɗaga kai babu kowa. Ta yi kururuwa, itatuwa suka shanye. Ta ruga gabas, ta yi kururuwa, itatuwa suka shanye.

Can bayan dutse kaka ta yi ta gurnani. Kiran ya bi ƙasa har ƙarƙashin sawun jikarta, amma ƙafar da ke gudu ba ta ji.

Kwana uku kaka tana kira. Ran na huɗu ƙishirwa ta fara kayar da ƙanana, dole garke ya wuce.

A ranar ce 'yar giwa ta gaji, ta tsaya cik, ta saurara da ƙafafunta. Ƙasa ta yi tsit.