Wa Ya Tone Bijimin Munzali?

Da hantsi aka tarar da ramin a buɗe. Bijimin huɗar Munzali, wanda aka binne shekaranjiya a gonarsa ta bakin dajin Kamuku, babu shi sai kai da tumbi, ƙudaje na ta shagali.

Sajan Abarshi, ɗan sanda, ya iso daga Birnin Gwari a kan babur, jiki a mace. Shekarun nan ya gaji da bin sawun shanun da aka kora daji, yau kuma matacce aka ba shi ya bi.

Susan, likitar dabbobin da ta sa aka binne bijimin, ta hana Abarshi matsawa kusa. Ta ce ciwon saifa ne. Ƙwayar cutar a ƙasa take zaune. Da ta sha iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta shekara da shekaru, rana ba ta kashe ta, har ruwan sama ya taso da ita dabba ta haɗiye da ciyawa. Wanda ya feɗe, baƙin gyambo zai fito masa. Wanda ya ci kuwa, sai wani ikon Allah. Dole a gano naman kafin ya shiga tukunya.

Ya fara da Auta mahauci. Auta ya buɗe masa rumfa, ya ce naman da jininsa baƙi ne kuma ba ya daskarewa, ko kyauta ba ya so. Abarshi ya duba, akuya ɗaya ce rataye, ya wuce.

Mutanen ƙauye kuwa sun riga sun gama shari'arsu. Musulmi ba ya tone mushe, in ji su, suna satar kallon gidan Japheth, Kirista maƙwabcin Munzali. Wannan kallon ya tsorata Abarshi, don ya san inda yake kai gari. Japheth ya ce ai shi ya kira likita. A fadamar nan ciwon ya kashe shanun mahaifinsa, ya haɗa da kawunsa da ya feɗe su, shi ya sa ko igiyar bijimin bai yarda ya taɓa ba. Susan ta gaskata shi.

Sai Abarshi ya nemi hoton da ta ɗauka kafin binnewa. Bijimin na kwance, fuskarsa gabas, an rufe wuyan da buhu. Ya koma bakin ramin, ya juya kan da dogon itace. Ban da saran gatarin ɓarawo, ga tsohon yankan wuƙa a maƙogwaro.

Ya sami Munzali a ƙofar gida yana susar wani ƙurji a wuyan hannu.

"Baba, dabbar da ta faɗi da kanta ba ta zaɓen gabas," in ji Abarshi. "Duk garin nan mushe suka ɗauka. Mutum ɗaya ne ya san ba mushe ba ne, wanda ya sa wuƙar."

Munzali bai musa ba.

"Yana shure-shure na yanka shi, Sajan, da bisimillah. Halal ne. Yarana rabonsu da nama tun kafin mu gudu daga ƙauyen nan, har muka dawo. In bar wa ƙasa?"

Abarshi ya ji tausayi ya kama shi, ga haushi. Ya gaya masa wuƙa ta halatta naman, amma ba ta yanka cutar ba. Suka shiga ciki tare da Susan. Naman na shanye a kan igiya a bayan rumbu, Susan na ta dubawa da sanda.

"Ina hantar?" ta tambaya.

Munzali ya dubi madafa, inda matarsa Furera ke kankare kasko.

"Ta soya wa yara da safe."

Abarshi ya mayar da ankwa aljihu, ya fita ya tada babur.

"Miƙo min ƙaramin yaron tukuna," ya ce wa Munzali. "Sauran su biyo mu asibiti."