Gidan Suruki

Khalilu ya sayi gidan da aka haifi Kubura a ciki, bai gaya mata ba sai da aka gama ciniki.

Da la'asar ya iso kan babur ɗinsa, ya yi sallama a ƙofar gida. Ta fito zaure hannunta duk man ƙuli, tana gogewa da gefen zane.

"Albishirinki, Kubura tawa!"

"Goro, Malam."

"Na sami gida!"

Ta dafe ƙirji. "Da gaske? A ina? Nan Kalgo ko Birni?"

Ya buga ƙafa a ƙasan zauren yana dariya.

"Kina tsaye a cikinsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙasan, ta dube shi.

"Gidanmu ka saya?"

"Gidanmu dai, ni da ke. Baffanki ya sallama mini shi jiya."

"Inna fa?"

"Inna tana ɗakinta, wa zai taɓa ta? Ai don ita ma na yi saurin saye."

Kubura ta jingina da bango.

"Wayyo Malam... wa ya ba ka wannan shawara?"

"Garba ɗan Baffa. Me ya faru? Rabin raina, kuka kike yi?"

"Garba!" ta ce. "Ashe Garba ne..."

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ke nan. An kwaso ma'aikata aka zube su a Birnin Kebbi, gari ya cika ya tumbatsa har Kalgo. Ɗakin da a da ake ɗaure akuya aka share shi aka sa mutum. Gero ya yi tsada, siminti da kwanon rufi sun fi ƙarfin mai albashi. Mai gida ya riƙe gidansa, don ya san in ya sayar ba zai sami wani ba.

Khalilu akawu ne, ɗan Gwandu, yana cikin waɗanda aka kwaso. Ɗaki guda suke kwana da abokan aikinsa a bayan kasuwar Kalgo. Wajen sayen ƙuli ya ga Kubura, daga nan magana ta yi nisa har manya suka shigo.

Uban Kubura ya rasu tun tana ƙarama. Wan ubanta, Baffa Abdulgani, shi ne waliyyinta, kuma gidan da take zaune da uwarta nasa ne, aro ya ba ƙanensa. Ya karɓi kayan neman aure, amma ya kafa sharaɗi ɗaya.

"Ɗiyar gidan ga ba ta zaman haya. Ka nemi naka, ko ɗaki da zaure ne."

Khalilu ya nema. Ya bi dillalan Kalgo har suka gaji da ganinsa. Ya je Gwandu, ya tarar gidan ubansa babu masaka tsinke, kowane wa da matarsa da 'ya'ya. Ya tambayi na sayarwa a unguwa, wani dattijo ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, a Gwandu kake tambayar gidan sayarwa? Wa ka ga ya sayar da inda kakansa ya yi salla?"

Ya yi lissafin gini. Kafin ya tara na kwano, kwano ya tashi. Kafin ya kamo shi, azara ta tashi. Damina ta zo ta wuce.

Ana nan tsadar ta kama Baffa shi ma. Iyali da yawa, rumbu ya yi ƙasa. Ya sa gidan a kasuwa a ɓoye. Wani attajiri, Alhaji Albarka, ya taya don ya zuba 'yan haya, ya kuma yi alkawari zai bar wa tsohuwar ɗakinta har ƙarshen ranta. Garba ne dillalin. Shi kuwa ya taɓa neman Kubura ta ƙi shi. Ya je ya sami Khalilu ya ce, "Ka bari baƙo ya saye gidan surukarka kana gari?"

Khalilu ya sayar da gonar gadonsa ta Gwandu ya biya. Bai yi shawara da babba ko ɗaya ba. Nan ne kuskurensa.

Inna Tasalla makauniya ce. Idonta ya tafi a hankali bayan mutuwar mijinta. Amma a cikin gidan ba ta neman jagora. Ƙafarta ta san hanyar randa, ta san murhu, ta san inda tushen dalbejiya ya taso a tsakar gida. Tana tuƙa tuwo, tana murza ƙuli, baƙo ba zai ce ba ta gani ba. Kubura ce ɗiyarta ta fari, ita ce kuma kaɗai ta rayu. Ba ta taɓa kiran sunanta ba. Khalilu kuwa ko gaisuwarsa ba ta amsawa sai ta bakin wani.

Kubura ta shiga ta durƙusa a gabanta ta faɗa mata.

Inna ta ci gaba da murza ƙuli. Can ta ce, "Allah shi sa albarka. Ki aika wa kawunki Abu a Diggi, shi zo shi ɗauke ni."

"Inna!"

"Ke, rage murya."

"Ya ce ɗakinki naki ne. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi..."

"Na sani. Yaron kirki ne. Amma ni in kwana gidan suruki? In fita kewaye yana jin tafiyata? In yi tari cikin dare ya san ni ce? Uwata ba ta yi ba, ba a kaina za a fara ba."

"Da Alhaji Albarka ne ya saya fa?"

"Wannan baƙo ne. Babu kunya tsakanina da baƙo."

Washegari Khalilu ya dawo, ya durƙusa a bakin zaure, Kubura tana kai magana tana kawowa.

"Ki ce mata zan ja katanga in raba gidan, in fasa mata ƙofarta daban."

Ta je ta dawo. "Ta ce katanga ba ta canza mai ƙasa."

"To ki ce na ba ki gidan kyauta, a gaban shaidu. Ya zama gidan ɗiyarta."

Ta je ta daɗe. Ta dawo idonta jawur.

"Ta ce gidan ɗiya da miji a ciki, gidan suruki ne."

Ya cire hula ya riƙe kai.

"Kubura, ni fa na san kunya. A Gwandu aka haife ni. Amma na ɗauka lalura... ba ta gani fa!"

"Ba ta gani, amma tana ji, Malam. Kuma mutane suna gani."

Ya tafi wajen Alhaji Albarka ya roƙe shi ya sayi gidan bisa alkawarinsa na farko. Alhaji ya ce an riga an kunyata shi a cinikin, in zai saya yanzu sai dai babu kowa a ciki. Ya tafi wajen Baffa ya ce a yarda su zauna haya, Inna ta riƙe gidan.

Baffa ya ce, "Tasalla za ta zauna gidan mai neman ɗiyarta? Ba ka san ta ba. Kuma magana ta haya na gama ta. Ka sami gida, a ɗaura aure bayan kaka."

Garba yana gefe yana yankan farce. Ya ce, "Malam akawu, ai ka yi abin kirki. Kowa a gari yana yaba maka."

Khalilu ya dube shi, ya tashi ya fita.

Ranar da Kawu Abu ya zo da amalanken shanu, Kubura ta riƙe ƙafar uwarta a tsakar gida.

"Inna, don Allah... in kin tafi na fasa auren."

"Ki fasa ki ga in na yafe miki. Don wa nake tafiyar?"

Ta zagaya gidan ita kaɗai. Ta shafa bakin randa, ta shafa dalbejiya, ta tsaya a ƙofar ɗakin da mijinta ya cika. Sannan ta miƙa hannu, karo na farko a gidan, ta ce, "Abu, kama ni."

Kubura ta koma gidan Baffa jiran biki. Khalilu ya sa aka yi wa gidan yaɓe, aka shafa farar ƙasa. Yana zuwa zance, tana fitowa, amma hirar ta mutu.

"Hasken idona, yi mini murmushi ko sau ɗaya."

"Ina ƙoƙari, Malam."

"Bayan biki duk Juma'a zan kai ki Diggi. Na yi alkawari."

"To."

Ana tsakar yankan gero labari ya zo. Mutanen gidan Kawu duk sun tafi gona, sun bar Inna ita kaɗai. Ta ji ƙishirwa ta tashi neman randa. Ƙafarta ta bi hanyar gidan Kalgo. A nan Diggi kuwa wurin murhu ne, da garwashi a ciki.

Kubura ta hau motar kasuwa ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba.

Ta tarar da Inna kwance a ɗakin ajiyar kaya, ƙafa da hannu an shafa magani an rufe da tsumma, ƙuda na bi. Matar Kawu ta ce, "Mun ce ta zauna wuri ɗaya, ba ta ji. Mu bar gero a gona mu tsare ta?"

Inna ta ji muryar ɗiyarta ta juya fuska bango.

"Wa ya ce ki zo?"

"Inna, sannu..."

"Ba komai ba ne. Na ɗauka ina gida ne."

Kubura ta toshe baki da zane ta fita bayan ɗaki.

Ta zauna jinya. Ta ga matar da ke tuƙa tuwon gida guda ta koma sai an kai ta kewaye an dawo da ita. Ta ga ta daina tashi ko da ƙunar ta fara warkewa. In an ce ta taka, sai ta ce, "Ina zan taka? Ban san ƙasar ga ba." Abinci ma sai ta taɓa ta ture.

Wata rana tana wanke mata ciwon, ta tambaye ta kamar da wasa.

"Inna, da a ce mai gidan can ba kowanmu ba ne, muna biyansa haya, za ki koma?"

"Haya ba abin kunya ba ce gare ni, baffanki ne ke ƙinta. Amma ki bar wannan magana. An sa rana."

Wata rana Khalilu ya zo Diggi da hantsi, babur ɗinsa ɗaure da magani da lemo. Kubura ta tare shi a gindin tsamiya, nesa da inda Inna za ta ji. Ta rame, ya gani.

"Kubura tawa, dubi yadda kika koma! Yaya jikin Inna?"

"Ƙunar tana warkewa. Ita ce ba ta warkewa."

"Laifina ne."

"Ba ka yi don mugunta ba."

"Na sake zagaya Kalgo, na je har Birni. In na sami wani gida, ko kango ne..."

"Ka samu?"

Ya sunkuyar da kai. "Babu."

"In ka samu ma, da me za ka saya? Gonar ta tafi. Kuma wancan gidan yana nan naka."

 Can nesa ana jin masu yankan gero suna kiran juna.

"Malam, kana son Inna ta koma ɗakinta?"

"Wallahi ko yau! Ko fenti ban bari an sa wa ɗakin ba, randarta ma tana inda take."

"To ka ba mu haya."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haya? Ni in karɓi haya a hannun surukata?"

"Ba surukarka ba ce. Tsohuwa ce makauniya da ɗiyarta mai ƙuli. Ka bar mana ɗakinta da murhu, sauran ka zuba abokan aikinka."

Sai a lokacin ya gane. Ledar lemon ta faɗi daga hannunsa.

"A'a... a'a, Kubura! Kada ki yi mini haka."

"Zan ce wa Baffa ya mayar maka da kayanka. Zai yi faɗa ya gaji. Inna za ta yi fushi, amma za ta yi shi a ɗakinta, tana tafiya da ƙafarta."

"Don ke na sayar da gonar ubana! Don ke na sayi gidan!"

"Na sani."

"Ba kya sona ne?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ka san amsar wannan. Kada ka sa in faɗa, zai fi mini ciwo."

"To mu jira! Shekara nawa ne, zan jira. Har Allah ya..." Ya kama bakinsa.

"Ƙarasa mana. Har Allah ya ɗauke ta? In zauna ina jinyar uwata, kai kana waje kana jira, ni ma wani ɓangare na zuciyata yana jira? Kuma muddin kana jira, kai suruki ne. Ba za ta taka gidan ba."

Ya durƙusa a kan ƙasar gona, babban mutum da shi, ya kama gefen mayafinta.

"Ɗakin na ba ku, ko za ki biya ko ba za ki biya ba. Ku koma gobe. Amma ki bar mini magana ɗaya, rabin raina. Ki ce wata rana. Wata rana kawai..."

Daga cikin gida muryar Inna ta taso, siririya.

"Ke! Kina ina? Zo ki kama ni."

Kubura ta zare mayafinta daga hannunsa a hankali.

"A'a, Malam. Ba zan aure ka ba."