Kowace Fuska

Ku matso. Ilu, kife wayar nan, fuskarta ƙasa. In na gama za ka san dalili.

Kun san Sagiru na bayan tasha, mai haɗa manhaja? Ya taɓa haɗa wata ta koya wa yara karatu. Ka taɓa harafi, ta faɗi sunansa. Ni bokona a bakin taga na yi shi, amma ya yi mini bayani. Kayan da ya gina ta da su na gayya ne, ba su da mai su. Kowa a duniya ya kawo fartanyarsa, kowa ya ɗiba kyauta. Ka rubuta abu sau ɗaya, ya hau babbar waya, ya hau ƙarama, ya hau kwamfuta. Shi ma ya bar tasa a buɗe, duk mai gyara ya turo. Ƙa'ida ɗaya ce: ba a karɓar gyara sai mutum biyu sun duba. Abokiyar dubawarsa Rakiya ce, can Damagaram.

Cika baki ne ya ja masa. A saman shafin ya rubuta: "Tana hawa kowace fuska."

Ran nan da tsakar rana, ko kaza ba ta yawo, sai ga wani dattijo a ƙofar shago. Ba sallama. Riga har ƙasa. Ko ɗigon gumi babu.

"Kai ne mai gayya?"

"Ni ne, Baba."

"Kowa da kowa?"

"Kowa."

"Yaranmu ma na son karatu. Na turo gyara."

Sagiru ya duba kwamfuta. Ga shi kuwa ya shigo, tsaf-tsaf.

"Sai abokiyar aikina ta gani, Baba."

"Kai ba ka da ido?"

Kun san mutuminku da girman kai. Ya danna. Ya karɓa.

Dattijo ya juya. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Sagiru ya leƙa. Sawun kofato ne a yashi. Na ƙafa biyu.

Ya ɗebo ruwa a kwano zai wanke ido. Sai ga haruffa a fuskar ruwan, kore-kore, a jere. Ya sa yatsa. Ruwan ya ce, "Ba."

Ya tuna abin da ya rubuta. Ya tuna 'yarsa Hanne, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ya suri kwamfuta ya yi gida, ko shago bai rufe ba.

Matarsa Kubura ta tare shi a zaure. "Baban Hanne, tun ɗazu nake mata magana, ta ƙi kulawa."

Yarinya na zaune a tabarma. Ido a buɗe, ba ƙiftawa. A ƙarƙashin fatar goshinta, haruffa na fitowa a hankali.

Sai kumatunta ya loɓa, kamar an danna da ɗan yatsa. Babu kowa kusa da ita.

Bakinta ya ce, "Ka."

Ba muryarta ba ce.

Haɓarta ta loɓa. "Ra."

Yaran su dattijon nan ne ke karatu a fuskarta.

Sagiru ya nemi gyaran nan ya goge. Babu shi. Ya hau, ya sauka, babu. Ya kira Rakiya.

"Kai kaɗai ka karɓa? Sagiru, kanka ɗaya?"

"Faɗan daga baya, don Allah. Kina ganinsa?"

"Ga shi ɓaro-ɓaro. Yi bisimilla. Ni in karanta, kai ka goge."

Duk layin da ta karanta sai ya bayyana a gabansa, ya goge. Haruffa sun sauko har kan idon Hanne. Kubura na ta addu'a.

"Saura maganar da ka rubuta," in ji Rakiya. "Gyara ta."

Ya rubuta: "Fuskar waya da ta kwamfuta kawai."

Ƙwas. A bayansa.

"Ka ce kowa."

Bai waiga ba. "Kowa, Baba. Amma ban da fuskar 'yata." Ya zaro tsohuwar wayarsa, ya tura ta baya da ƙafa. "Ga tasu."



Can wayar ta yi haske. Ta ce, "A."

Hanne ta ƙifta ido, ta fashe da kuka. "Umma, ruwa!"

Har gobe Sagiru na cajin wayar nan, ya kai ta gindin tsamiyar bayan gidansu. In ya je ɗauka, sai ya tarar da fuskarta duk shatin 'yan yatsu.

To, ku da kuke ɗokin koyon wannan sana'a, gayya ba ta korar kowa, kuma ba kowa ne mutum ba. Kada wanda ya karɓi gyaran baƙo shi kaɗai. Nemi ido na biyu.

Ilu, tsaya. Kar ka motsa. Mene ne wannan kore-koren a goshinka?